Kiran da Baba Bai Amsa Ba

Shekara shida muka yi da Baba a ɗaki ɗaya a Manfuha, wata unguwa a Riyadh, katifa kusa da katifa, kuma ban tuna ranar da bai yi wa Riyadh gori a kan rashin ruwa ba. Ba mahaifina ba ne, ba mu haɗa dangi ba, furfura ce ta sa kowa ke ce masa Baba. Mutumin ƙasar Yawuri ne, a cikin kwalekwale aka yaye shi in ji shi, sai ga shi neman abinci ya jefo shi garin da babu kogin kirki. Aikinsa ban ruwan furanni a Unguwar Ofisoshin Jakadanci, inda ni ma nake tuƙa mutanen wani gida. Yakan riƙe tiyo ya ce dubi abin da duniya ta mai da shi, ɗan masunta yana shayar da ciyawa.

Dokokin ruwa kuwa ya haddace su kamar Fatiha. Ba a yin fito da baki a kan ruwa, ba a nuna shi da yatsa. Babbar cikinsu ita ce: in kana bakin ruwa ka ji an kira ka, kada ka amsa sai ka ga bakin da ya yi kiran. Ni ɗan birnin Kano ne, ruwan da na sani bai wuce na famfo ba, don haka nakan ce masa, "Baba, a ƙasar nan ai aljanun ma sai da takardar igama suke zama." Sai ya yi murmushi ya ce, "A tudu ba komai, ɗana. Yi ta dariyarka."

Da kwantiraginsa ya ƙare, aka buga masa takardar tafiya gida gaba ɗaya, sai ya ce abu guda ya rage masa: yana so ya hau ruwa a ƙasar nan ko sau ɗaya. Hutun Babbar Sallah ne, masu gidana sun yi tafiya. Na ce in raka shi, rabi don tausayi, rabi don in samu abin tsokanarsa. Muka hau bas zuwa Jizan da ke bakin teku, tafiyar da ta busar mini da ƙugu, daga nan babban jirgin ruwa ya tsallakar da mu tsibiran Farasan. Saura kwana biyar jirginsa na gida ya tashi.

A bakin gaɓa muka samu wani Balarabe masunci, siriri, rana ta ƙona shi ƙurmus, ya yarda ya zaga da mu lungunan tsibiran da ba a shigarsu sai da ƙaramin jirgi. Masu tsaron gaɓa suka duba igamarmu, suka rubuta mu uku muka fita, kafin faɗuwar rana kuma mu dawo mu uku.

Ban taɓa ganin Baba haka ba. Tsohon da sai ya dafa bango yake tashi daga katifa, ga shi tsaye a goshin jirgi da jar hularsa, ba ya riƙe da komai. Ya ɗebi ruwan da tafin hannu ya ɗanɗana, ya tofar, ya ce, "Kai, an ɓata ruwan nan da gishiri." Ni kuwa ina zaune a tsakiya na ƙanƙame katako, duk addu'ar da na sani na karanta ta. Lungu na farko da na biyu ba su bar mini komai a rai ba: farin yashi, ruwa garau har kana ƙirga kifi, da tsuntsaye masu dogon baki suna kallonmu kamar mun shigo musu gida ba sallama.

Na ukun daban ne. Mashigarsa ƙunci gare ta, tsakanin duwatsu biyu da ruwa ya cinye musu gindi suka zama kamar laima. Mai jirgin ya kashe inji, ya tura mu da doguwar gora. Ya nuna mana wani baƙin layi a jikin dutsen, ya yi bayani da Larabci a hankali don kada mu ce ba mu ji ba. Ruwan teku yana cika yana janyewa. In ya sauka ƙasa da layin nan da kamu ɗaya, jirgi ba zai wuce mashigar ba, sai mu zauna har ruwa ya dawo, ga zafi, ga ruwan shanmu jarka ɗaya. "In na ce yalla, mu tafi, to yalla," in ji shi. Baba ya gyaɗa kai, amma na san bai ɗauke ta da nauyi ba. Kogin da ya sani a shekara yake cika ya janye, ba a wuni ba.

Da muka shiga sai duniya ta yi tsit. Babu igiyar ruwa, babu tsuntsu ko ɗaya. Ta hagu wasu bishiyoyi ne tsaye a cikin ruwa, saiwoyinsu a waje kamar yatsu, sun cunkushe har ba ka ganin bayansu. Ta dama tudun dutse ne mai ramuka. A tsakiya ɗan yashi, da tulin ɓawon katantanwa da ya fi ni tsayi, wanda babu shakka hannun mutum ne ya tara shi, sai wasu duwatsu a jere da suka yi kama da kaburbura. Baba ya yi sallama da ƙarfi kafin ya sa ƙafa. Na buɗe baki zan tambaye shi wa yake wa sallama, sai na fasa.

Mai jirgin bai sauko ba. Ya ce shi yana nan.

Muka ci gurasa da kifin tuna, muka yi Azahar. Baba ya ce zai zaga ya kama ruwa, ya ɗan duba bayan tudun. Ya bar gorar ruwansa kusa da ni. Ni kuma na raɓa inuwar dutse, gajiyar bas ta sauko mini, barci ya sace ni.

Ihun mai jirgin ne ya tashe ni. Na dubi dutsen mashiga, baƙin layin ya fito fili, ruwa yana ƙasa da shi. Yashin da muka sauka a kai ya ƙara faɗi. Baba ba ya nan.

"Baba!" na ƙwala. Dutsen ya maido mini da muryata. Mai jirgin ya taya ni, "Ya hajj! Ya hajj!" Shiru. Lungun nan gaba ɗayansa bai fi filin ƙwallo ba, ko tari ka yi za a ji ka. Tsoho ne, rana ta take, ba ruwa a hannunsa. Na ga gawarsa a raina, na ga kaina ina wa 'ya'yansa bayani a waya, mutumin da ya rage masa kwana biyar ya koma gida bayan shekara goma sha tara.

Na bi sawunsa har inda yashi ya ƙare dutse ya fara, daga nan babu sawu. Ina tsaye ina waige-waige sai na ji an kira ni. Muryar Baba ce, da ɗan karkarwar nan tata, kuma sunana na yanka ya kira, wanda ba ya kira sai magana ta yi nauyi. Daga cikin bishiyoyin ruwan nan ta fito.

"Na'am, Baba! Ga ni nan!"

Na faɗa ruwan ban yi tunani ba. Laka ta cire mini takalmi ɗaya. Ruwa ya kawo gwiwa, ya kawo cinya, ɗumi gare shi kamar an dafa. Na kutsa tsakanin saiwoyi ina leƙe, ban ga kowa ba. Aka sake kira, wannan karon can ciki, a hankali, kamar mutum ya gaji. Na sake amsawa. Ruwa ya kawo mini ƙirji, ni da ban iya iyo ba, kuma wallahi niyyata in ci gaba.

Abin da ya tsayar da ni ƙarar gora ce a jikin jirgi. Mai jirgin yana duka yana ihu yana nuna sama. Na waiga. Can a kan tudun dutse, ta dama, ɓangaren da ya saɓa da inda na nufa, ga jar hular Baba.

Ban san yadda na fito na hau tudun ba, ƙafata ɗaya ba takalmi, dutsen yana yanka ta. Na same shi zaune a wani rami, ya jingina baya, idonsa biyu, carbi a hannu, leɓunansa a rufe gam. Lafiyarsa ƙalau. Daga inda yake ana hango jirgin, ana jin komai.

Raina ya ɓaci irin ɓacin da ban taɓa yi ba. Na faɗa masa maganganun da ba a faɗa wa mai furfura. Na ce masa tsohon banza, na ce camfinsa na ƙauye zai kashe mu, na ce da na sani da ban biyo shi ba. Bakina kawai yake kallo. Sai ya miƙo hannu ya kama wuyan hannuna ya matsa, kamar mai duba ko ƙashi na ciki.

"Kai ne," ya ce. Sannan ya tashi.

Da ƙyar muka fita. Cikin jirgin ya gurji dutsen mashiga ya tsaya. Kafin mai jirgin ya yi magana Baba ya dira ruwa, ya sa kafaɗa, ya nuna masa inda zai karkata, su biyu suka yi ta girgiza jirgin har ya zame. Balaraben ya dube shi da wani irin ido, daga nan bai ƙara yi masa tsawa ba.

Sai da tsibirin ya zama ɗan baƙi a bayanmu Baba ya yi magana, ba tare da ya dube ni ba. Ya ce tun kafin mu fara kira an riga an fara. Yana gama kama ruwa ya ji muryar wansa, wanda kogi ya ci suna samari, tana kiransa da sunan da 'yan gidansu kaɗai suka sani. Ya nemi rami ya zauna ya kama bakinsa. Can sai muryar ta koma tawa.

"To ka gaya mini, ɗana, ta yaya zan san wanne ne kai?"

Na ce ai da ya leƙo. Ya ce wanda ya leƙa ya riga ya amsa da ido. Haushina bai gama sauka ba, na ce, "To in haka ne me ya sa kai ka kira ni daga cikin bishiyoyi?"

Ya juyo. "Ban buɗe bakina ba tun da na bar ka."

Sannan ya tambaye ni.

"Ka amsa?"

"Sau biyu."

Sai ya dafa kaina ya yi ta karatu yana tofa mini har muka hango gaɓa. Mai jirgin, da na ba shi labari da guntun Larabcina, ya ɗaga kafaɗa ya ce dutsen ramuka ne da shi, iska tana shiga, kowa da abin da yake ji. Na karɓi wannan bayanin hannu bibbiyu, har yau shi nake ba mutane. Sai dai ban manta ba cewa shi mai bayanin bai taka yashin ba.

Muka dawo Manfuha. A kwanakin da suka rage Baba ya canja. Dokar da ya ce ta bakin ruwa ce ta biyo shi tudu. In ka kira shi daga kicin ba zai amsa ba sai ka zo gabansa. Wayarsa ta yi ta ƙara yana kallonta. Ni ma ya daina kirana daga nesa, sai ya tako ya taɓa kafaɗata. Sauran 'yan ɗakin suka yi ta dariya, ni ban yi ba. Ban kuma ba shi haƙuri a kan abin da na faɗa masa a kan dutsen ba. Kullum sai in ce gobe, girman kai ne kawai da kunya.

Ni na kai shi Filin Jirgin Sama na Sarki Khalid. Muka auna kaya, muka yi musabaha. Ya ce in yafe masa zaman tare, na ce ba komai, Allah Ya yafe mana, irin amsar da baki ke bayarwa ba tare da zuciya ba. Sai da ya wuce shingen da ba a bin matafiyi, na ga bayansa da jar hular nan, sannan abin ya taso mini. Ban nemi tawa yafiyar ba.

"Baba!"

Ya tsaya cak. Na ga kafaɗunsa sun ɗaure. Na sake kira, har wani ma'aikaci ya harare ni. Ya ji ni sarai. Bai waiwayo ba, ya gyara riƙon jakarsa ya ci gaba da tafiya.

Bayan wata biyu na samu lambar babban ɗansa. Ya ce Baba lafiya lau, har ya sayi kwalekwale, amma ba ya karɓar waya. Na ce to a haɗa mu ta bidiyo ya ga fuskata, magana ɗaya ce zan faɗa masa. Ɗan ya tafi, na ji takunsa, na ji ƙus-ƙus daga nesa, ya dawo.

"Yaya, ka yi haƙuri. Ya ce ruwa ma yana nuna fuska. Ya ce in kana da magana ka zo da kanka ya riƙe hannunka."

Shekara biyu ke nan ina neman hutun da zai kai ni Yawuri.