Ranar da aka nemi uban jariri a coci aka rasa

Shekarun baya can, lokacin ina jin kaina a kan babur kamar ni na ƙera shi, na tafka wata tsiya da har yau in na tuna sai na sosa ƙeya.

Mu Kiristoci ne, 'yar cocinmu tana bayan gari a Daura, ni ne kuma makaɗin ganga. Babur ɗin da nake acaɓa da shi ba nawa ba ne, na wani Alhaji ne mai fataucin tumaki. Sharaɗinmu guda: kwana shida in yi nemana, ran Lahadi in kai shi kasuwar Mai'adua in yini ina yi masa zirga-zirga. To Lahadin nan kuwa ita ce ranar sujada.

Ni da nake ganin wayo a hannuna aka yanke masa cibiya, sai na ce wa Alhaji ƙarfe tara muke tashi daga coci, alhali sai sha ɗaya. In na zo coci, hancin babur titi yake kallo. Waƙar minti biyar, a minti ɗaya da rabi nake sallamarta. Wata tsohuwa a cikin matan zumunta ta taɓa tare ni tana haki ta ce, "Ɗan nan, yabon Ubangiji muke yi ko kura ce ta biyo mu?" Da an gama waƙa fasto ya ce a rufe ido a yi addu'a kuwa, kafin a ce amin na kusa rabin hanya.

Shekara biyu ina wannan sana'a. Sai matata ta haihu, ɗan fari. Aka sa Lahadin da za a miƙa shi ga Ubangiji a gaban jama'a. Na yi lissafi: a ƙarshen sujada ake yi, in sauke Alhaji in juyo, ba wanda zai sani. Muna isa Mai'adua ya ce in riƙe masa igiyar raguna biyu ya ga wani dillali. Ganin dillalin nan sai da ya ci awa uku.

Na dawo na tarar an rufe coci. A gida matata ta ajiye mini tuwo ba ta ko kalle ni ba. Mahaifiyata ce ta yi magana, tana tsince wake.

"Sau uku fasto ya ce ina uban yaro. Wani daga baya ya ce a duba wajen tumaki. Aka yi dariya. Matarka tana tsaye da jariri ita kaɗai."

Na buɗe baki zan kawo dalili, ta ɗaga hannu. "Taura biyu ba ta taunuwa. Ni ban ce ka bar nema ba. Amma Yesun da kake kaɗa wa ganga, in za ka bi shi ka bi shi, in ba za ka bi ba ka sauke gangar."



Litinin da safe na tafi wajen Alhaji da makulli a hannu. Babur ɗin nan kuwa shi ne hatsinmu, ga mai jego a gida. Na same shi yana zuba wa tumaki dusa. Na durƙusa na zayyana masa komai, har ƙaryar ƙarfe tara. Na ce daga yau ba na fita ran Lahadi sai an tashi, in ya ga ba zai yiwu ba, ga makullinsa.

Ya ci gaba da zuba dusa har sai da na fara tunanin sana'ar turin baro. Can ya ce, "Wato shekara biyu ni kana shara mini ƙarya, can kuma kana tauye wa Ubangijinka mudu?"

Na ce, "Haka ne, Alhaji."

"Ka taɓa ganin na bar sallar Juma'a saboda rago?"

"A'a, Alhaji."

"To don me za ka ɗora mini alhakin taka ibadar? Tashi ka ba ni wuri, ja'iri. Da safe ƙanen matata zai riƙa kai ni, kai ka zo da azahar ka ɗauko ni. Amma ɗan abin da nake ba ka na yinin kasuwa, rabi ya tafi, ka sani."

Jama'a, na fito daga gidan nan ina jin kamar an sauke mini buhun gero goma daga ka. Lahadin da ta biyo na roƙi fasto, na tsaya gaban mutane kusa da matata na nemi gafara, aka sake yi wa yaron addu'a yana hannuna. Ya kuwa tsula mini fitsari a riga, na ce na karɓi hukunci.

Rabin nan da ya tafi mun ji shi a tukunya, ba zan ɓoye ba. Amma abin da na gane shi ne, duk wahalar shekara biyun nan ni na ɗora wa kaina, don tsoron maganar da ba ta kai minti biyar ba. Ban san akwai hutu a cikin sujada ba sai da na zauna gaba ɗayana, jiki da zuciya a benci guda. Yaron yanzu ya fi ni tsawo, kuma duk sanda na ce ya shirya mu tafi coci, uwarsa sai ta ce, "Ka riƙe hannun babanka da kyau."