Rayuwar Sai-na-gani Mai Walda da Muƙamuƙin da Aka Gina Masa

Haihuwa da koyon sana'a

An haifi marigayin, wanda aka fi sani da laƙabin Sai-na-gani, a shekarar 1957 a wani ƙaramin gari na bakin layin dogo. Mahaifinsa mai gadin tasha ne, mahaifiyarsa kuwa tana sayar da gawayi. Bayan ya kammala firamare a 1970 aka kai shi koyon walda wurin wani maigida mai ha'inci, wanda yake liƙa ƙarfe sama-sama ya rufe aibin da fenti tun bai huce ba. A shekarar 1976 wata ƙofa da suka haɗa ta ɓalle ta karya ƙafar wanda ya saye ta, kuma tun daga ranar marigayin bai sake amincewa da aikin da aka gaggauta rufewa ba.

Sana'a da iyali

A shekarar 1982 ya buɗe shagonsa a bayan kasuwa, inda ya kafa ƙa'idar da bai taɓa saɓawa ba: kowane haɗi sai ya huce, ya kwana, ya sha guduma, sannan a shafa masa fenti. Zargin nasa dai bai tsaya kan ƙarfe ba, domin tela da mahauci da mai gyaran rediyo duk sun ɗanɗana. A 1985 ya auri 'yar wani kafinta, wadda takan ce ko gaisuwa aka yi wa maigidanta sai ya juya ta ya duba bayanta. Allah ya albarkace su da 'ya'ya uku.

Rashin lafiya da tiyata

A farkon shekarar 2019 wani gyambo ya fito masa a dasashi ya ƙi warkewa, bincike kuma ya tabbatar da cewa ciwon daji ne, har ya ci ƙashin muƙamuƙinsa na ƙasa. Likitar da ta karɓe shi ta yanke ɓangaren da ya lalace, ta ciro siririn ƙashi daga ƙwaurinsa tare da jijiyoyin jininsa, ta lanƙwasa shi daidai da haɓa, ta ɗaure da ƙarfe da kusoshi. Tiyata ta yi nasara, ya koma yana tauna abinci mai laushi, maganarsa kuma tana fita.

Saura mataki guda, wato gashi da hasken na'ura don kashe ragowar ciwon, wanda ya wajaba a fara cikin 'yan makonni. A nan ne halin marigayin ya motsa. Da aka nuna masa hoton ƙashin, ya ga tsaga tsakanin sabon ƙashi da tsohon, sai ya tabbatar wa kansa cewa ana gaggawar gashin ne don a rufe aikin da bai kama ba.

"'Yata, haɗin nan bai kama ba," in ji shi. "In kun gasa ya ɓalle, sai ku ce laifin na'ura ne. Na san wannan dabarar tun ba a haife ki ba."

"Baba, ƙashi ba ƙarfe ba ne, watanni yake ɗauka kafin ya haɗe," in ji likitar. "Ciwon kuwa ba zai jira mu ba."

Babbar 'yarsa ta roƙe shi har da kuka, sai ya ce ita ma an haɗa baki da ita. Ya koma gida yana ƙwanƙwasa haɓarsa da ɗan yatsa kowace safiya, yana sauraron ƙarar. Abin takaici ne matuƙa, domin ƙa'idar da ta riƙe shagonsa shekara da shekaru ita ce ta hana shi magani.

Ƙarshen rayuwa

A tsakiyar shekarar 2020 ya koma asibiti da ƙafarsa, ya ce yanzu ya gamsu, a gasa. Sabon hoto ya nuna ƙashin ya haɗe sumul, babu alamar tsaga, amma ciwon ya dawo ya bazu zuwa wuya da huhu. An ruwaito cewa ya daɗe yana duban hoton ta hasken taga, sannan ya miƙa wa likitar.

"Aikinki ya yi kyau, 'yata," ya ce. "Ko ni ba zan sami abin cewa ba."

Ya rasu a ƙarshen shekarar 2020 yana da shekara sittin da uku, aka yi jana'izarsa aka binne shi a maƙabartar da ke bayan tasha, wadda shi ya haɗa ƙofarta. Ya bar maiɗakinsa da 'ya'ya uku: babbar 'yarsa malamar makaranta, da mai bi mata direban babbar mota, da autansa wanda ya gaji shagon tare da gudumar. Haɗin muƙamuƙin da aka gina masa bai taɓa ɓallewa ba har aka sa shi a kabari.