Karkatattun Tayoyin Auta

Ni ce gwaggonta, ni na goya ta, saboda haka in na ce Auta tana da taurin kai, kada wani ya ce ƙazafi na yi mata. Uwarta ta rasu tana 'yar shekara shida, lokacin shan inna ya riga ya taɓa mata ƙafafu biyu. Na tattara komatsaina na dawo gidan ƙanena, wato ubanta, da niyyar in yi wata uku. Yau shekara goma sha bakwai ke nan, har yanzu ba wanda ya tambaye ni yaushe zan tafi.

Ƙanen nawa gyaran keke ne sana'arsa. Rumfarsa tana bakin titi, tsakanin mai aski da mai gyaran waya, tsofaffin tayoyi rataye ta ko'ina, ga kwanon ruwa a ƙasa na neman inda iska ke fita. Keken farko da Auta ta hau shi ya haɗa mata da hannunsa, da tayoyin wani mataccen keke da kujerar roba da ya yanke wa ƙafafu. Tun daga nan duk keken da ta samu ba mai taɓa shi sai shi. Ya ɗaure noti, ya shafa giris, ya juya taya ya kara kunne kamar likita.

Da ta shiga kwaleji tana karatun zama malamar lissafi, shekara biyun farko daga aji sai gida. Ba ta kuka da komai, amma ni da na raine ta na ga tana yin sanyi. Kowa yana da kirki gare ta, a buɗe mata ƙofa, a ɗaukar mata jaka, a tura ta ko ba ta nema ba. Yini take yi tana na gode, na gode, har bakinta ya gaji.

A shekara ta uku ne wata mata mai dogara sanda ta tare ta a ƙofar ɗakin karatu, ta dubi damatsanta, ta ce ta zo zauren wasanni da ƙarfe huɗu. Matar ita ce kocin 'yan mata masu buga ƙwallon kwando a kan keke. A ranar, Auta ta dawo gida tafin hannunta baƙi ƙirin, ga kumburi a yatsu biyu, tana ta dariya ita kaɗai.

Na ce, "Ƙwallo? Ke? Mu da muke lallaɓa ki kamar ƙwai?"

Ta ce, "Shi ya sa, Gwaggo."

Da yamma in ina matsa mata kafaɗu da man zafi sai ta riƙa ba ni labari. Wai ana ɗaure mutum da bel a cinya don ya zama shi da keken abu ɗaya. Wai in ƙwallo na hannunka sau biyu kawai za ka tura taya, sai ka buga ta a ƙasa ko ka miƙa wa wani. 'Yan ƙungiyar sun sa mata suna Mazari, saboda yadda take juyawa a wuri guda ta bar mai tsaron ta tana kallon bango. Wata rana ta ce mini, "Gwaggo, a can ba mai ba ni hanya. Yau wata ta buge ni na kife, ko sannu ba ta ce ba." Ta faɗi wannan fuskarta fal da murna, ni kuwa na rasa ko in taya ta murna ko in je in nemi yarinyar.

Na je kallo sau uku ko huɗu. Ubanta ko sau ɗaya bai je ba. Ya ce shi ba zai iya zama yana kallon 'yarsa tana faɗuwa ba.

A shekararta ta ƙarshe aka sanar cewa za a yi gasa tsakanin kwalejoji a wani gari mai nisa, kuma cikin su goma sha shida mutum goma za a ɗauka. Ranar Asabar za a yi zaɓe. Auta ba ta taɓa kwana a wani gari ba tare da ni ko ubanta ba, kuma in ta rasa wannan shi ke nan, baɗi ta gama makaranta. Ba ta cika neman abu ba, amma wannan kam ta sa shi a rai, har abinci sai na yi faɗa take ci.

To, a makon ne aka mai da zauren wasannin ɗakin jarrabawa, aka ce kowace 'yar wasa ta tafi da kekenta gida ta dawo da shi ranar Asabar. Ranar Alhamis da yamma aka sauke shi a ƙofar gidanmu, muka jingine shi a baranda, ita kuma ta shige ɗaki tana karatun jarrabawar gobe.

Wanda bai taɓa ganin keken wasa ba, bari in kwatanta masa. Ba shi da mariƙi a baya da za a tura mutum, ba shi da birki. Manyan tayoyinsa biyu kuma a karkace suke, daga sama sun matso jikin mai zama, daga ƙasa sun buɗe, kamar wani ƙato ya zauna a kai ya lotsa shi. Ƙanena ya dawo daga rumfa ya gan shi. Ya zagaya shi sau biyu, ya tsuguna, ya rufe ido ɗaya, ya ja tsaki.

"Yaya, kin ga abin da suka ba ta? Duk kekunan makarantar a rasa wanda za a ba 'yata sai wanda ya lanƙwashe?"

Ga inda nawa laifin yake, ba zan ɓoye ba. Na je zauren nan da ƙafata, amma idona a kan yarinyar yake, ban taɓa lura cewa duk kekunan haka suke ba. Sai na ce, "Ai kuwa, ka duba mata. Ba mamaki shi ya sa take yawan faɗuwa."

Washegari tana fita makaranta a kekenta na kullum, ya ɗauki na wasan ya yi rumfa da shi. Ya kwance tayoyin, ya kai bututun ƙarfen da ke riƙe da su wurin abokinsa mai walda, suka gasa bakinsa biyu suka miƙar. Da ƙarfe biyu sai ga shi yana turo keken, tayoyi a tsaye cak, ya goge shi yana sheƙi. Har yana cewa lokaci ne ya ƙure masa, da ya sa mata mariƙi a baya.

Auta ta dawo ta tsaya a bakin baranda. Ta daɗe tana kallon keken.

"Baba, me ka yi?"

"Gyara na yi. Hau ki ji."

Cikin sanyin murya ta yi masa bayani. Karkatar nan da gangan aka yi ta. Ita ke hana keke kifewa in an juya da gudu, ita ke sa shi ya juya a wuri guda, ita ke kare yatsu in kekuna suka yi karo. Shi kuwa gogan naka, wanda tun muna yara ban taɓa jin ya ce na yi kuskure ba, sai ya ce, "To wanda ya ƙera shi ne bai san aiki ba."

Nan ta fashe da kuka. Yarinyar da ake kifarwa a kan siminti ta tashi tana dariya, ita ce ta rufe fuska da mayafi tana shessheƙa. Wallahi zuciyata ta yi mini zafi, don na san da bakina a ciki.

Ƙanena ya karɓi wayarta inda akwai hoton keken, ya sake komawa wurin mai walda. Da zare da guntun katako ya auna, da ido ya ƙarasa. Kafin rana ta faɗi ya dawo da shi a karkace, ni dai a idona kamar ba a taɓa shi ba. Auta ta hau, ta ɗaure bel, ta tura sau ɗaya a tsakar gida ta saki hannu. Keken ya tafi, amma a hankali ya riƙa ja hagu har ya kusa taɓa randa.

Ta ce, "Ya yi, Baba. Sannu da aiki."

Da ya fita sai ta kama hannuna. "Gwaggo, kada ki gaya wa kowa. Kayan makaranta ne, an hana mu taɓa ko noti ɗaya. In koci ta ji, a gaban kowa za ta wanke shi tas."

Na ce, "To ke fa?"

Ta ce za ta san yadda za ta yi.

Ranar Asabar da safe, ga mamakina, ƙanena ya sa rigarsa mai kyau ya ce zai bi mu. Muka zauna a benci na sama. Zauren yana warin roba da gumi, fanka biyu ke aiki cikin shida, ƙasa an ja layuka da farin fenti. Auta ce mai lamba tara.

Aka hura usur. Ko ni da ban san dokar wasan ba na ga abin da ke faruwa. In ta tura don ta miƙe, keken sai ya ja hagu, sai ta sa hannu ta daidaita shi, kafin nan an wuce ta. In ta zo juyinta na mazari ta dama, sai ya yi mata gardama. Sau biyu tana kifewa, bel na riƙe da ita, taya ɗaya tana juyawa a sama. Duk sau biyun ƙanena ya zabura, ni kuwa na damƙe gefen rigarsa. Ta dafa ƙasa da hannu biyu, wata ta ba ta kafaɗar kekenta, ta yunƙura ta dawo kan tayoyinta ta ci gaba.

Da aka gama, koci ta tara su ta fara kiran lamba. Ta kira tara daga cikinsu, babu Auta, sannan ta tsaya. Ta ce kujera ta goma tana tsakanin mutum biyu, Auta da wata da suke kira Doguwa.

"Mazari, me ya same ki yau? Ba haka na san ki ba."

"Ba komai, Malama. Ni ce dai ban yi ƙoƙari ba."

Koci ta ɗaga biro za ta rubuta. Sai na ji rigar da nake riƙe da ita ta kuɓuce. Ƙanena ya sauka benci ɗaya bayan ɗaya, ya taka har tsakiyar fili, ya cire hularsa.

"Malama, ƙarya take yi. Ni na ɓata keken."

Ya faɗi komai, daga tsakin da ya ja har gashin ƙarfe, bai ambaci sunana ba ko sau ɗaya. Koci ta sa Auta ta koma kekenta na gida, ta ɗora na wasan a kan farin layi, ta tura shi da hannu ɗaya. Kowa yana kallo ya bar layin ya nufi bango.

Abin da Auta ta ji tsoro kuwa ya faru. Matar nan ba ta raga masa ba. Ta ce shekara uku ta yi tana hawa da sauka a ofisoshi kafin a ba su kekunan nan, ta ce da 'yarsa ta karye yau wa zai zarga, ta ce wa ya sa shi. Mutum mai furfura, a gaban 'yan mata sa'o'in 'yarsa, yana tsaye da hula a hannu yana cewa, "Haka ne, Malama. Haka ne." Na so in sauka in rama masa, amma ina bakin magana?

Da ta huce sai ta ce wa shugabar 'yan wasan ta sauka ta ba Auta kekenta. Minti goma, Auta a ɓangare ɗaya, Doguwa a ɗaya.

Ƙanena ya dawo ya zauna kusa da ni. Aka hura usur. Ƙwallon farko da ta shiga hannun Auta, ta tura sau biyu, ta buga ƙasa, Doguwa ta tare ta, sai kawai ta juya a inda take, kafin ka ce kwabo tana ƙarƙashin kwando. Ta jefa, ta shiga. Ta biyu ta kuskure. Ta uku ba ta jefa ba, ta miƙa wa wata ta bayan kanta ba tare da ta waiga ba. Doguwa ma ba kanwar lasa ba ce, ta ci nata biyu, har ta yi karo da Auta ƙarfe ya yi ƙara, amma ba wadda ta faɗi.

Koci ta hura usur, ta rubuta, ta ce, "Lamba tara." Doguwa ta matso ta daki kafaɗar Auta da ƙarfi, ta juya ta fita waje ita kaɗai. Ta ba ni tausayi, don ita ma 'yar wani ce.

Na juyo in yi wa ƙanena magana, sai na ga hawaye yana bin gemunsa, bai ma damu ya share ba.

"Yaya, dama haka take gudu?"

"Haka take."

"Tun yaushe?"

"Shekara ɗaya da rabi."

Ya bi ta da kallo can ƙasa, tana kwance bel tana dariya da ƙawayenta, ko waiwayo mu ba ta yi ba tukuna.

Ya ce, "Ni duk tsawon nan ina tsammanin wahala take sha."