Alhajin da Bai Hau Arfa Ba

A kasuwar Bodinga, layin teloli, akwai wani shago mai ƙofar langa-langa da keken ɗinki biyu, amma ɗaya kawai ake takawa. Mai shagon sunansa Mode. Kowa Alhaji yake ce masa, shi kuma ya daina gyara wa mutane tuntuni. Ya shekara huɗu a Jidda, tafiyar da ba ta fi awa ɗaya ba zuwa Makka, amma bai taɓa yin aikin Hajji ba.

Mutumin Mandera ne, cikin ƙasar Shagari. Mahaifinsa manomi ne, ya rasu Mode yana saurayi, ya bar shi da tsohuwa da gona ɗaya. Noma bai karɓe shi ba, sai ya zo Bodinga ya koyi ɗinki. Hannunsa yana da kyau ƙwarai, musamman wajen wuyan riga da aljihu. Ya auri Basira 'yar Dandin Mahe, suka haifi 'ya mace, Rashida. Ba su da yawa, ba su kuma rasa abin sawa a tukunya ba.

Wanda ya sa masa tafiya a rai shi ne Sha'aibu, wani tela ɗan Lambara da ya daɗe a Saudiyya. Yakan kira shi ta waya ya ce, "Mode, hannun ga naka ɓata shi kakai nan. Ka taho Umra, in ka ƙare ka tsaya. Kowa haka yay yi."

"To takardu hwa?"

"Wa ka tambayar tela takarda? Kai dai taho."

Ya sayar da gonar, ya tafi Umrar azumi a shekarar 2013. Rashida tana da shekara biyu. Ya ce wa Basira shekara ɗaya zai yi. Da ya gama ɗawafi, abokan tafiyarsa suka hau mota zuwa filin jirgi, shi kuma ya bi Sha'aibu zuwa wata tsohuwar unguwa a Jidda. Bayan 'yan kwanaki bizarsa ta ƙare.

Sha'aibu ya haɗa shi da wani mai shagon ɗinkin jallabiya. Gaban shagon akwai gilashi da na'urar sanyaya ɗaki, nan ma'aikata masu igama suke zama, wato katin izinin zama da aiki. Mode kuwa wurinsa wani ɗaki ne a baya, babu taga, ƙofarsa tana fita cikin wani lungu. A nan yake ɗinki, a nan yake kwana. An gaya masa tun ranar farko cewa in ya ji an buga bango sau biyu, 'yan sanda ne suka zo, ya kashe keke ya fita ta lungu, kada ya waiwaya. Ana biyansa ƙasa da abin da ake ba na gaba, ko da yake shi ake kai wa aiki mai wuya. Wani watan a ba shi, wani watan a ce ya yi haƙuri. Ba shi da inda zai kai ƙara, domin duk ofishin da ya shiga shi za a fara kamawa.

Abin da ya fi ba shi wahala ba aikin ba ne. Yakan yi kwana uku bai yi magana da kowa da Hausa ba. Ranar Juma'a yakan je masallacin unguwa, ya tsaya sahun baya kusa da ƙofa, ana sallamewa ya fice. Akwai lokacin da haƙori ya kumbura masa fuska, ya je wani ƙaramin asibiti, matar da ke karɓar mutane ta miƙo hannu ta ce, "Igama." Ya yi kamar ya manta ta a gida, ya juya. Kanumfari da ruwan gishiri ya yi ta sawa har haƙorin ya ruɓe ya fita da kansa. Duk shekara yana ganin motocin alhazai suna wucewa, amma akwai shingayen bincike a hanyar Makka, kuma ya ga waɗanda suka gwada bi ta duwatsu aka dawo da su a motar 'yan sanda.

A shekara ta biyu aka kama Sha'aibu a bakin wani kantin burodi. Mode bai sani ba sai bayan mako guda, da wayarsa ta daina shiga. Daga nan ba shi da kowa a garin.

A shekara ta uku tsohuwarsa ta rasu a Mandera. Basira ce ta kira shi bayan azahar, yana tsakiyar saka maɓalli.

"Inna ta cika. Yanzu anka kai ta."

Ya yi salati, ya tambayi wanda ya yi mata sallah, aka gaya masa. Da wayar ta katse ya zauna yana jiran wani ya shigo ya ce masa ya yi haƙuri, sai ya tuna babu wanda ya san yana da uwa a duk unguwar. Ya fito gaban shago, abin da aka hana shi, ya gaya wa wani ɗan Bangaladash da ke guga. Mutumin ya dafa kafaɗarsa, ya faɗi wata magana da harshensu, ya ba shi shayi. Ita ce ta'aziyyar da ya samu. Ya koma ya ƙarasa maɓallan, domin mai rigar zai zo da la'asar. Ya yi tunanin tafiya gida, amma ya san in ya fita ƙasar ba zai iya dawowa ba, kuma har lokacin bai tara abin da zai fanshi gonar ba.

Ana nan sai wani dattijo Balarabe mai suna Abu Mubarak, wanda yake da babban wurin ɗinki a wata unguwa, ya ga wuyan jallabiya a jikin wani abokinsa. Ya bi diddigi har ya gano ɗakin bayan shagon. Ya ɗauki wata riga da Mode ya ɗinka, ya juya ta ciki da waje, ya daɗe yana duba layin zaren.

"Kai ka yi wannan?"

"Ni ne."

"Ina igamarka?"

Mode ya ci gaba da taka keke. Dattijon ya gane. Ya ce masa yana so ya zama kafilinsa, wato wanda zai tsaya masa a hukumance ya ɗauke shi aiki, amma ba zai iya yi wa wanda ya shigo da bizar Umra ya maƙale ba. A daidai lokacin hukuma ta yi sanarwar afuwa: duk wanda ba shi da takarda ya miƙa kansa cikin wa'adi, ya fita ba tare da an hukunta shi ba. Abu Mubarak ya ce, "Ka tafi yanzu. Ka koma ƙasarku, ni zan aiko maka da bizar aiki, ka dawo ta ƙofa." Ya rubuta masa lambarsa a bayan wani kati.

Mode bai tafi ba. Shekara huɗu ya yi yana gudun masu kaki, ƙafarsa ta ƙi kai shi gabansu. Wasu 'yan Najeriya da ya haɗu da su a masallaci sun ce masa tarko ne. Mai shagonsa kuma ya ce ya bari a gama aikin da ke ƙasa, zai sallame shi da kyau. Aka ƙara wa'adi, ya ce gobe, aka sake ƙarawa, ya ce jibi. Kwana goma sha ɗaya bayan rufe afuwar aka buga bango sau biyu. Ya fita ta lungu, ya tarar da 'yan sanda a bakin lungun suna jira.

Ya yi wata biyu a tarhil, gidan da ake tsare waɗanda za a mayar ƙasashensu. Suka ɗauki hotonsa, suka dangwala yatsunsa goma a na'ura. Wani jami'i ya ce masa ba zai sake shiga ƙasar ba sai bayan shekara goma. Ya sauka a Kano da rigar da aka kama shi da ita da silifa, kayansa duk suna ɗakin bayan shago. Katin Abu Mubarak kaɗai ya tsira, yana cikin aljihu.

Da ya iso Bodinga mutane suka yi ta zuwa barka da sauka, suna Alhaji, Alhaji. Wasu suna jiran dabino da zamzam. Rashida, wadda ta kai shekara shida, ta ɓuya bayan uwarta. Ta fi wata uku tana ce masa baƙon Inna. Basira ba ta yi masa gori ba ko sau ɗaya, amma a shekarun nan ta koyi sayar da man gyaɗa da ƙuliƙuli, ta koyi yanke shawara ita kaɗai. In rufin ɗaki ya yi yoyo, ita ke kiran mai gyara, sai daga baya ta tuna ta gaya masa. Ya je Mandera ya nemi kabarin tsohuwarsa, wanda ya raka shi ya nuna wurare biyu ya ce ɗaya daga ciki ne.

Abu Mubarak ya cika alkawari. Ya aiko da takardar kwantiragi ta hannun wani ofishin ɗaukar ma'aikata mai rajista. Mode ya yi sabon fasfo, ya je aka gwada lafiyarsa, ya fara sa rai. Ranar ɗaukar yatsu, ma'aikacin ya dubi allon na'urarsa, ya dube shi.

"Malam, an taɓa fitar da kai daga can?"

"An taɓa."

"To wannan ba daga gare mu ba ne. Biza ba za ta fito ba."

Ya kira dattijon ya gaya masa. Abu Mubarak ya tambaye shi ko ya san wani tela mai hannu irin nasa wanda bai taɓa zuwa ba. Mode ya kwana biyu yana juya maganar kafin ya shiga shagon maƙwabcinsa Na'Allah, magidanci mai 'ya'ya biyar. Ya zaunar da shi wata guda yana nuna masa yadda Larabawa ke son wuyan jallabiya da tsawon hannu. Ya sa aka karanta musu kwantiragin layi-layi, ya ce kada ya yarda ya hau jirgi sai ya ga kalmar aiki a kan bizarsa da idonsa.

Na'Allah ya tafi. Yana da igama, yana zama gaban shago, yana zuwa hutu bayan shekara biyu. Ya yi Hajji a shekararsa ta uku. Ba wai ya huta ba ne, yakan ce aikin yana da yawa, kuma ba ya iya sauya wurin aiki yadda ya ga dama. Amma da ɗansa ya karye a ƙafa, ya nemi izini ya zo ya koma.

Mode yana nan a layin teloli. Samari kan zo su tambaye shi hanyar Saudiyya, ya gaya musu abin da ya sani ba tare da ya ɗaga kai daga keke ba. Wasu su ji, wasu su ce baƙin ciki yake yi musu. Wa'adin da aka ɗibar masa ya kusa cika, Na'Allah ya ce dattijon har yanzu yana tambayarsa. Ranar da na kai masa ɗinki, na tambaye shi ko zai koma. Ya ce idonsa ya fara rauni, sai ya sa tabarau yake zura zare, kuma Rashida ta shiga aji biyar na sakandare.

"In Allah Ya nuhe ni da Arhwa, in tahi da jirgin alhazai in dawo da su," in ji shi. Sai ya miƙo mini tef ɗin awo ya ce in riƙe masa bakin yadin, ya ja almakashi.