Ƙasa Tasa, Ruwa Namu

Gidan da muka fara haya a Birni, cikin Damagaram, na wani tsohon baduku ne da kowa ke kira Baba. Ɗaki biyu ne na ƙasa da ɗan tsakar gida, shi kuma yana zaune da iyalinsa a bayanmu, katanga ɗaya ta raba mu. Ba mu taɓa rubuta komai da shi ba. Abin da ke tsakaninmu shi ne yaɓe.

Al'adar gidan ita ce, in bazara ta kama, Baba zai aiko jakinsa da ƙasa a jibge mana a ƙofar gida. Ƙasa tasa ce, haka azara in gara ta ci, haka indararo in ya tsage. Ruwan kwaɓi kuwa da tuwon masu aiki namu ne. Cikin ɗaki, daɓe da shafen farar ƙasa, wannan ni ya shafa, ba ruwan Baba. Kuma duk unguwa an san ma'anar jakin nan: wanda aka aiko wa ƙasa, an ce masa ya zauna ya ga wata damina ke nan. Wanda bai ga jaki ba, ya fara ɗaure kayansa.

Na ji daɗin gidan nan ƙwarai. Akwai inuwar itacen bedi, ga maƙwabta masu raha, mijina kuma tela ne a kasuwa, ba mu rasa na cefane. Sai fari ya zo. Damina ta yi gardama, ta sake yi, pampon unguwa ya koma tsaki kawai yake yi, masu ga-ruwa suka zama sarakai. Mutanen ƙauye suka fara shigowa gari. Dangin Baba daga Zermu suka cika masa gida, har zaure ana kwana. Ta kan katanga nake jin kukan yaransu, in ji tausayi, in kuma ji tsoro, don a layinmu an riga an tashi ƴan haya saboda dangi. Wa zai ga laifin mai gida in ya ce ɗan'uwansa ya fi ka?

Bazara ta kama, zafi ya yi zafi, jaki shiru. Kullum da safe sai na leƙa ƙofar gida kamar mai jiran baƙo. Na yi wa mijina magana, ya ce, “Ke dai da neman magana. Ruwan da bai zo ba, me zai zubo ta rufin?”

“Malam, ba rufin nake ji ba, zaman nake ji,” na ce masa.

Ya ci gaba da cin tuwonsa. Mutumin kirki ne, amma in ana zancen da ke da nauyi sai ya zama kurma. Tambayar Baba kai tsaye kuwa ba ta taso ba. Yaya za ka dubi dattijo ka ce korata za ka yi?

Sai na ce to, ni dai bari in cika nawa. Akwai wani tsohon tano, wato gangar ƙarfe, a bayan ɗaki, na wanke shi na fara tara ruwa. Ba mai kyau ba, wannan ko na sha da ƙyar muke samu. Ruwan wanki, na wanke-wanke, na alwala da nake tarewa a kwano, har na wankan ɗiyata, duk cikin tanon. Ya yi kauri ya yi wari, mijina ya ce in matsar da shi kada ya kashe mana kaji. Ban kula shi ba.

Ranar da ya kusa cika na yafa gyale na zaga gidan Baba. Na same shi a zaure yana ɗinkin wani tsohon takalmi, baƙinsa zaune jigum-jigum gefe. Na durƙusa muka gaisa, na tambayi Inna matarsa, na tambayi zafi. Sai na sunkuyar da kai na ce, “Baba, dama ruwanmu ne ya taru.”

Ya ajiye basilla ya dube ni. “Wane ruwa, ɗiyata?”

“Na yaɓe.”

Ashe shi ma a tsorace yake. Ya ce ya ga teloli suna ta ɗaure kekunansu suna tafiya Kano, ya ɗauka mu ma muna hanya, kunyar faɗa masa muke yi. Kuma a shekara irin wannan, aiko wa mutum ƙasa ai cewa ne ya kawo ruwa, shi kuwa ba zai iya ɗora wa kowa wannan ba. Jakin ma ya sayar tun da sanyi, babu abin ba shi.

“Ni ina nan ina jiran ku yi mini sallama,” in ji shi, “ashe ku kuna can kuna jiran jaki.”

Na yi dariya har da hawaye, don wani dutse ne ya sauka daga ƙirjina.

Washegari da hantsi ƙasa ta iso, a kawunan mutanen Zermu, kwando-kwando. Su ɗin da nake tsoron za su gaje mini ɗaki su suka haƙa rami a tsakar gidana, na tuka musu tuwon ɗan abin da ke akwai. Aka tuntsurar da tanon nan, warin sabulu da tsohuwar miya ya tashi, ba wanda ya ko yamutsa fuska.

Cikinsu akwai wani dattijo, ƙanen Baba, manomi ne da ya bar gonarsa. Shi ya naɗe wando ya shiga kwaɓin. Yana takawa, yana takawa, har ƙasa ta yi laushi, masu ɗauka suka miƙo kwanuka, bai fito ba. Na ce, “Baba ƙarami, ai ta kwaɓu, fito ka huta.”

Bai ɗago kai ba. Ya ce, “Bar ni kaɗan, ɗiyata. Tun da na baro gona ƙafata ba ta taka jiƙaƙƙiyar ƙasa ba.”

Masu kwanuka suka sauke hannu, muka tsaya muna jiransa.