Faratan Zipora Mai Markaɗe

A Angwan Iya, duk wanda ya taɓa kai tattasai ko jiƙaƙƙen wake markaɗe ya san Zipora. Daga Panda aure ya kawo ta Keffi, ta kafa injinta a ƙofar gida. Tun daga lokacin ƙafafunta ba su rabu da ruwa ba, kullum suna cikin takalmin roba mai gumi.

A hankali faratan ƙafarta suka sauya. Suka yi kauri, suka koma ruwan ɗorawa, bakinsu yana marmashewa kamar busasshen rogo. Ba ta gaya wa kowa ba. Safa ta saya, tana sawa har cikin zafin bazara, in matan zumunta suka tashi rawa a coci kuma sai ta ce gwiwa ke damunta.

Mijinta Malachi ne ya matsa mata, suka je asibiti. Wata nas mai suna Motunrayo ta duba, ta ce, "Mama, ƙwayar cuta ce mai son danshi. Tana jin magani, amma sai tsohon farce ya fita sabo ya tsiro. Watanni ne, sai kin yi haƙuri."

Ta ba ta maganin shafawa. Ta ce a riƙa yanke farcen a miƙe, a goge kaurinsa, a tsane tsakanin yatsu, kada kuma wani ya yanke nasa farcen da abin yankan nata.

Ciwon baya ba ya barin Zipora ta sunkuya, don haka aikin ya koma hannun Malachi. Ranar Lahadi da yamma sai ya ajiye mata kujera a gindin mangwaro, ya zuba ruwan ɗumi a roba, ya gyara tabarau.

"Kawo ƙafar, Maman Natan."

Da ɗumin ya ratsa ta sai idanunta su lumshe. Takan ga kanta yarinya a rafin garinsu, yashi na zamewa a ƙarƙashin tafinta, ƙananan kifaye na tsakurar yatsunta, muryar mahaifiyarta na zuwa daga can nesa. Ƙarar abin yankan farcen ma jinta take kamar ana ɓare gyaɗa a wani gida.

"Barci kike?"

"A'a, Baban Natan. Na ɗan je gida ne."

Damina ta zo ta wuce. Wata Lahadi ya ɗaga babban yatsanta ya daɗe yana kallo. A gindin farcen wani ɗan siririn layi ya fito, fes, kamar jinjirin wata.

Sauran suka biyo baya, ban da ɗan ƙaramin yatsan hagu, wanda har yau bai yarda ba. Malachi ya ce shi bai gaji ba. Ya kafa mata katako a gindin injin don ta daina tsayawa cikin ruwa, da rana kuma takan kife takalman a kan katanga su sha iska.