Zaren Da Mahaifiyata Ta Aika Misira

Shekarun baya, tun gemun nan nawa bai san furfura ba, na taɓa yin gararamba ni kaɗai a birnin Alƙahira da dunƙulen zare a aljihu, ina neman mutumin da rabona da shi tun ina yaro.

Yayana ne, ɗan farin mahaifiyata. Marini ne kamar ni, a nan Maska muka gaji sana'ar. Ya tafi aikin hajji bai dawo ba, sai dai mu ji a bakin fatake wai yana Misira. To kun san halin iyayenmu mata da ɗan fari. Tun da nake ban taɓa jin ta kama sunansa ba, ban kuma taɓa jin ta tambayi lafiyarsa ba. In fatake suka kawo zancensa, sai ta miƙe ta shige madafa kamar ana maganar ɗan wani.

Ranar da zan bi ayarin gabas zuwa hajji ta kira ni bayan rumbu, ta damƙa mini zaren da ta kaɗa da hannunta, fari fat. Ko kallona ba ta yi ba ta ce, "In ka ga wancan, ka ce ya rina mini wannan." Iyakar saƙon ke nan.

Wahalar da muka sha ta Barno da Wadai da Fur ba ita ce zancen yau ba. Na dai isa, na sauka a masaukin baƙin ƙasarmu. Dattijon da ke kula da wurin ya ce lalle ya taɓa jin labarin wani Bahaushe marini, amma unguwar da yake sai Allah. Ya kuma gargaɗe ni cewa ayarin Makka na dab da tashi, kuma ba ya jiran kowa. Ke nan in ban same shi ba, haka zan mayar wa tsohuwa da zarenta fari.

Sai na fita da wayona na ƙauye. A gida in za ka Dandume, rimi kake riƙewa, ka riƙe kuka, ka riƙe dutse. Nan kuwa ba itace, sai na riƙe hasumiyar masallacin da ke kusa da masauki, tunda a sanina gari ɗaya hasumiya ɗaya. Da na yi nisa na waiwaya, sai ga hasumiyoyi tsaitsaye ko'ina kamar karan dawa bayan girbi. Wallahi nan take na rasa wacce ce tawa.

Gidajensu wani kan wani, lungunan a rufe, ko rana ba ka gani balle ka san gabas. Ni kuma duk wanda na haɗu da shi sai na tsaya gaisuwa, har maƙogwarona ya bushe, ba wanda ya tsaya na kai ga tambayar iyali. Masu jakuna na ta yi mini tsawa in ba su hanya. Na je wurin wani mai gurasa na zuba masa Larabcina na allo, bawan Allah ya ɗaga hannu ya shafa, ya zaci addu'a nake yi masa. Da kyar wani mai sayar da ruwa ya ja ni har ƙofar masauki, yana tafe yana dariya.

Daga nan na daina magana, na koma nuna hannuwana. Duk wanda ya ga farcen nan da baban rini ya cinye, sai ya yi mini nuni da wajen masu rini. Haka na riƙa bi unguwa-unguwa. Su a cikin manyan randuna suke yi, ba a ramukan karofi irin namu ba, kuma duk inda na leƙa sai su girgiza kai. Kullum na dawo sai na fito da zaren in duba. Kewar gida ta kama ni sosai, har warin marinarmu da nake ƙorafi a kai na riƙa marmari.

Ana gobe ayari zai tashi, bayan la'asar, na zauna a dakalin wani masallaci na riga na fid da rai. Can sai na ji bugu, irin na masu buga rinannen yadi. Kowane gidan marina da irin bugunsa, kuma na gidanmu ba ya ɓace mini: a sauke da nauyi, a ɗan ja numfashi, a bi da sauƙi, yadda mahaifinmu ya koya mana. Na miƙe ko takalmi ban gama sawa ba, na bi sautin nan ta wani lungu da ko jaki ba zai wuce ba.

Na tarar da wani mai furfura cikin shigar Misirawa, ya duƙa a kan itacen bugu. Na ce, "Sannu da aiki."

Hannunsa ya tsaya a sama. Ya juyo ya ce, "Daga ina?" Hausar ta yi masa nauyi a baki.

"Daga Maska, Yaya."

Ya zauna a ƙasa. Bai tambayi gona ba, bai tambayi gado ba. Ya ce, "Inna tana nan?"

"Lafiya na baro ta."

"Ta taɓa kiran sunana?"

Na so in yi masa ƙarya, na kasa. Na ce, "A'a. Wancan take cewa." Na miƙa masa zaren, na faɗi saƙon yadda aka ba ni.

Ya yi dariya har hawaye na bin gemunsa, ya ce, "To ita ce, ba ta sake ba."

Yana da ma'aikata, amma bai bar kowa ya taɓa zaren ba. Da kansa ya tsoma, ya matse, ya sake tsomawa, har ya yi baƙi yana sheƙi. Ya nuna mini matarsa da 'ya'yansa, waɗanda ko sannu ba su sani ba. Da safe ya raka ni wurin ayari, zaren da sauran damshinsa. Ya ce baɗi yana tafe. Na ce Allah Ya kawo shi, alhali ni da shi duk mun san ba zuwa zai yi ba.

Da na dawo gida bayan hajji, mutane suka cika zaure suna tambayar Makka. Ita Inna ba ta tambaye ni komai ba. Sai da aka watse na ajiye mata zaren a kan tabarma. Ta ɗauka, ta murza, ta kai hanci ta shinshina, ta daɗe a haka. Sannan ta ce, "Har yanzu yana cika toka a rini."

Ba ta taɓa bayar da shi an saƙa ba. Ranar da ta rasu, matan da suka yi mata wanka suka same shi ƙulle a gefen zanenta.

Yanzu yana wurina. Na ga Ka'aba, na ga kogin Misira, amma in na tuna tafiyar nan lungun nan nake fara gani. Wani lokaci in yaran marina suna bugu, nakan rufe ido in ji kamar in na sha kwana zan same shi a duƙe. Ban sani ba ko yana raye. Ni ma na lura tun da ta rasu bakina bai ƙara kama sunansa ba, in jikokina suka tambayi mai zaren, sai in ce na wancan ne.